Sa'ad da Mai Wasiƙa Ya Ajiye Alƙalami

Ran 2 ga watan Maris na shekara ta 2004, gidan rediyon BBC da ke Landan ya ba da sanarwa cewa wani tsoho mai suna Alistair Cooke ba zai ƙara aiko da wasiƙarsa ta mako mako ba. Shekarunsa 95 a lokacin. Ya yi shekara 58 yana rubuta wannan wasiƙa, yana kuma karanta ta da bakinsa ga masu sauraro a Ingila da sauran ƙasashen duniya. Likitocinsa ne suka ba shi shawara ya huta. A cikin gajeren saƙon da ya bayar, ya ce ba zai iya ci gaba ba, ya gode wa masu sauraronsa saboda amincinsu, ya yi musu ban kwana. Bayan kwana 28, watau ran 30 ga Maris, ya rasu a gidansa a birnin Niyok.

Mutane da yawa da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba suka ji kamar an yi musu rashi a gida. Waɗansunsu tun suna yara suke jin muryarsa tare da iyayensu, har suka yi furfura suna jinta tare da jikokinsu. Wannan abu ya ta da tambaya wadda ta fi labarin mutum ɗaya girma. Idan mutum ya daɗe yana rubuta wa jama'a, har suka saba da shi kamar ɗan gida, yana da iko ya daina duk ranar da ya ga dama? Ko kuwa daɗewar ta zama bashi a wuyansa? Su kuma masu karatu da masu sauraro, mene ne hakkinsu a kansa, mene ne kuma wajibinsu gare shi?

Mutumin da wasiƙarsa

An haifi Cooke a shekara ta 1908 a garin Salfod kusa da Mancesta, a arewacin Ingila. Mahaifinsa maƙerin ƙarfe ne, mai wa'azi kuma a ikkilisiyar Metodis. Yaron ya yi karatu har jami'ar Kembirij. A 1932 ya sami taimakon ƙaro ilimi a Amurka, ƙasar kuwa ta kwanta masa a rai, har ya koma can da zama, ya zama ɗan ƙasa a 1941.

Ran 24 ga Maris 1946 aka watsa wasiƙarsa ta fari. Ta yi magana a kan matan Ingila waɗanda suka auri sojojin Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suna ƙetare teku a jirgin ruwa domin su iske mazajensu. Wasiƙa 13 kaɗai aka shirya zai yi da farko. Amma shirin, wanda aka sani da sunan Wasiƙa daga Amurka, bai tsaya ba sai da aka ƙirga wasiƙa 2,869. An watsa ta ƙarshe ran 20 ga Fabrairu 2004.

Kowace wasiƙa minti 15 ce. Ba kiɗa a ciki, ba baƙo, ba muhawara. Mutum ɗaya ne yake zaune a gaban tafiretarsa ya rubuta abin da ya gani da abin da ya yi tunani a kai a wannan mako, sa'an nan ya karanta a natse, sai ka ce yana hira da aboki a zaure. Sau da yawa yakan soma da abin da ya yi nisa da batun, ya yi ta kewayawa, sai can ƙarshe mai sauraro ya gane inda aka nufa da shi. Ya ba da labarin shugabannin Amurka 11, daga Truman har zuwa George Bush ƙarami. Yana cikin otal ɗin nan na Los Anjalis a daren da aka harbe Robert Kennedy a watan Yuni na 1968, ya kuma faɗa wa masu sauraro abin da idonsa ya gani. Ya yi magana a kan harin da aka kai birninsa ran 11 ga Satumba 2001. Wani mako kuma ba abin da zai kawo sai zancen yanayi, ko wasan golf da yake ƙauna, ko yadda ganyayen itatuwa suke sāke launi da kaka.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da akwatin rediyo ya san irin wannan sabo. A ƙasashen Hausa ma, tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, mutane sun san yadda muryar da ake ji kowace safiya takan zama kamar ta maƙwabci. Ranar da aka buɗe akwati ba a ji ta ba, sai a tambayi juna ko lafiya.

Abin da ya sa rabuwar take da zafi

Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Wannan karin magana ya bayyana rabin abin. Mutumin da ya bi wasiƙun Cooke daga fari zuwa ƙarshe ya ba shi sa'o'i wajen 717 na ransa, watau kusan kwana 30 dare da rana ba barci. Mutane kaɗan ne suka taɓa zama su saurari ɗan'uwansu na jini tsawon haka ba tare da sun katse shi ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai sauraro ya san abin da yake ba tsohon dariya, da abin da yake ɓata masa rai, da yadda muryarsa ta yi ta raunana shekara bayan shekara.

Wani zai ce wannan zumunci na ƙarya ne, gama gefe ɗaya ne kawai ya san ɗayan. Mai sauraro ya san Cooke, Cooke kuwa bai san sunansa ba, bai san garinsu ba, ko ranar da aka yi masa haihuwa ko rashi bai sani ba. Ai zumunta a ƙafa take, shi kuwa bai taɓa taka ƙofar gidan kowa ba. Akwai gaskiya a wannan magana, ya kuma kamata mai sauraro ya riƙe ta, domin kada ya ɗauki kansa a matsayin da ba shi da shi. Duk da haka ba daidai ba ne a kira abin ƙarya. Abin da mai sauraro ya karɓa na gaske ne: ya ƙaru da sani, ya sami abokin hira a ranakun kaɗaici, ya koyi duban al'amari da haƙuri kafin ya yanke hukunci. Marubucin kuma bai rubuta wa iska ba. Ko da yake bai san fuskokinsu ba, ya san suna nan suna jira, wannan sani kuwa shi ne yake tashe shi zuwa ga tafireta ko a makon da jiki bai so ba.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba. Abin da yake zuwa a kan kari kowane mako yakan zama ma'aunin kwanakin mutum. Da shi yake tuna shekarar da ya yi aure, da gidan da ya zauna, da wanda suke sauraro tare amma yanzu ba ya nan. Sa'ad da wasiƙar ta tsaya, mai sauraro yakan ga nasa tsufan a fili. Wani ɓangare na baƙin cikinsa na marubucin ne, wani ɓangaren kuwa na kansa ne. Mutumin da ya gane wannan ba zai yi saurin ɗora wa marubucin laifi ba.

Bashi ne ko kyauta?

Masu cewa bashi ne suna da hujja. Sukan ce ba marubuci ne kaɗai ya gina aikin ba. Da ba a saurari Cooke ba, da wasiƙarsa ta tsaya a ta 13. Masu sauraro ne suka ba shi suna da abinci da daraja. Wanda kuma ya yi ta zuwa ƙofar mutane kowane mako shekara da shekaru, ai ya yi alkawari da ƙafarsa ko da bai yi da bakinsa ba, alkawari kuwa kaya ne.

Tarihi ya nuna abin da yakan faru idan masu karatu suka ɗauki wannan hujja da ƙarfi. Arthur Conan Doyle, wani likita ɗan ƙasar Sikotlan, shi ne ya ƙago labaran Sherlock Holmes, mai binciken masu laifi. Daga 1891 wata mujalla a Landan mai suna Strand ta riƙa buga su, jama'a kuwa suka yi ta rububinsu. Amma Doyle ya gaji. Yana ganin Holmes yana hana shi rubuta littattafan tarihi waɗanda yake ɗauka sun fi muhimmanci. Saboda haka a watan Disamba na 1893 ya rubuta labarin da ya jefa Holmes da babban maƙiyinsa cikin wani magangarin ruwa a ƙasar Suwizalan, domin a huta. Masu karatu suka fusata, suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi. Doyle ya daure shekara takwas. A 1901 ya sāke fitar da wani dogon labarin Holmes, yana cewa abin ya faru ne kafin mutuwarsa. A 1903, bayan an yi masa tayin kuɗi mai yawa, ya ta da shi gaba ɗaya, ya ce ashe bai mutu ba. Ya ci gaba da rubuta labaransa har 1927.

Wannan labari yana da kaifi biyu. A gefe ɗaya, masu karatu ba su yi kuskure ba game da darajar aikin: Holmes ne duniya take tunawa da shi, littattafan tarihin da Doyle yake taƙama da su kuwa kaɗan ne suke karanta su. Ashe wani lokaci mai karatu yakan fi marubuci sanin inda baiwarsa take. A ɗaya gefen, ga mutum ya yi shekaru yana aikin da ransa ya fita daga ciki, domin jama'a sun ƙi sakinsa, kuɗi kuma sun yi magana. Ko da amfanin ya yi kyau, wannan bai mai da tilastawa ta zama daidai ba.

Gaskiyar ita ce, abin da yake tsakanin marubuci da mai karatu musaya ce da ake kammalawa kowane mako. Marubuci ya kawo aikinsa, mai karatu ya kawo lokacinsa da kuɗin jaridarsa, kowa ya tashi da rabonsa. Wasiƙar makon jiya an riga an bayar, an riga an karɓa. Ba ta haifar da bashin ta mako mai zuwa ba. Idan maƙwabci ya yi shekara ashirin yana aiko wa wani gida da tuwo kowace yamma, ranar da ya kāsa, mutanen gidan ba za su kai shi ƙara wurin mai unguwa ba. Daɗewar alheri ba ta mai da shi haraji. Haɗarin sabo ke nan: abin da aka karɓa da godiya a shekara ta fari, a shekara ta goma sai a karɓe shi kamar gādo, a shekara ta ashirin kuma a yi fushi idan ya makara. Shi ya sa aka ce sabo turken wawa.

Akwai kuma rashin daidaito da masu cewa bashi ne ba su lura da shi ba. Mai karatu yana da 'yanci ya daina karatu duk ranar da ya so, ba sallama, ba bayani, ba wanda zai ce ya ci amana. Dubbai sun kashe akwatinsu sun bar Cooke yana magana, ba wanda ya tuhume su. In mai karatu yana da wannan 'yanci, da wane baki zai hana marubuci irinsa?

Wanda ya daina da sauran ƙarfinsa

Game da Cooke tambayar tana da sauƙi, gama ba mai hankalin da zai ce wa tsoho ɗan shekara 95 mai ciwon daji ya tashi ya koma aiki. Inda take da wuya shi ne idan marubucin yana da ƙuruciya da lafiya, aikinsa kuma yana kan ganiyarsa.

Haka ya faru da Bill Watterson, wani mai zanen ban dariya a jaridun Amurka. Daga Nuwamba 1985 ya riƙa zana labarin wani yaro ɗan shekara shida mai suna Calvin da damisarsa ta tsumma mai suna Hobbes. Zanen ya kai jaridu fiye da 2,400. A watan Nuwamba na 1995 sai ya rubuta wa editocin jaridu cewa zai tsaya a ƙarshen shekara, domin yana ganin ya yi iyakar abin da zai iya yi a cikin matsin aikin kullum da ƙanƙantar filin da jarida take bayarwa. Ran 31 ga Disamba 1995 zanen ƙarshe ya fito. Shekarunsa 37 kawai.

Wani zai ce wannan son kai ne: rijiya tana da ruwa, mai ita ya rufe bakinta. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Marubuci yakan ji a jikinsa lokacin da ya soma maimaita kansa, tun kafin masu karatu su lura. Daga wannan rana hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya tsaya, ko kuwa ya ci gaba da sayar da kayan da shi da kansa ya san sun ragu, a ƙarƙashin sunan da mutane suka amince da shi. Hanya ta biyu ta fi kawo kuɗi, ta fi kuma faranta wa jama'a rai na ɗan lokaci, amma daidai take da ta mai nono da yake ƙara ruwa kaɗan kaɗan domin ya san masu saye sun yarda da ƙwaryarsa. Idan ana neman cin amana a wannan al'amari, a nan yake. Mutumin da ya tsaya domin kada ya ba da abin da bai kai ba, ya girmama masu karatunsa fiye da wanda ya ci gaba domin tsoron fushinsu.

Abin da yake wuyan marubuci

Cewa ba bashi ba ne, ba ya nufin marubuci ba shi da wajibi ko kaɗan. Daɗewa ba ta haifar da bashi, amma tana haifar da amana, amana kuwa tana da nata ƙa'idodi.

Na fari, sallama. Baƙon da ya kwana ɗaya yana iya sulalewa da asuba, ba wanda zai damu ƙwarai. Wanda ya yi shekaru a gida kuwa, in ya ɓace ba sallama, ya bar mutane cikin zulumi, suna tambaya ko ciwo ne, ko laifi suka yi masa. Yawancin ayyuka irin wannan ba sa ƙarewa da sanarwa. Sukan yi ta jinkiri, daga mako zuwa wata, daga wata zuwa shiru, masu karatu kuma su yi ta leƙawa ba su san ko su ci gaba da jira ba. Wannan jira marar iyaka ya fi sallama ciwo. Wasiƙar Cooke ta 20 ga Fabrairu irin ta kullum ce, ba ta ban kwana ba. Amma da ya tabbata ba zai iya komawa ba, bai bar mutane cikin duhu ba, ya aiko da magana.

Na biyu, gaskiya gwargwadon hali. Ba dole ne marubuci ya tone asirin gidansa ko na jikinsa ba. Amma kada ya ce zai dawo alhali ya san ba zai dawo ba, kada kuma ya ɗora wa masu karatu laifin gajiyarsa.

Na uku, ya lura da abin da zai faru da sunan aikin bayansa. A nan labarin Charles Schulz yana da abin koyarwa. Shi ne ya zana Peanuts, labarin yaron nan Charlie Brown da karensa Snoopy, tun daga 2 ga Oktoba 1950. Ya zana guda 17,897, dukansu da hannunsa, ba mataimaki, ko da hannun ya soma rawa a shekarunsa na baya. Zanen ya kai jaridu wajen 2,600 a ƙasashe 75. A watan Nuwamba na 1999 aka gano yana da ciwon daji na hanji, a watan Disamba ya sanar zai ajiye aiki. Zanensa na ƙarshe wasiƙa ce zuwa ga masu karatu: ya gaya musu ba zai iya riƙe aikin kullum ba, iyalinsa kuma ba sa so wani ya ci gaba da shi, sa'an nan ya yi godiya. Ya rasu ran 12 ga Fabrairu 2000 a gidansa a Kalifoniya, washegari kuwa, ran 13, jaridu suka fito da wannan zane.

Ba kowane aiki ne ya kamata ya mutu da mai shi ba. Makaranta da asibiti da jarida an kafa su ne domin su wuce waɗanda suka kafa su, wanda kuma ya riƙe irin wannan aiki bai shirya magaji ba, ya yi kuskure babba. Amma wasiƙa ta mutum ɗaya dabam take. Darajarta ita ce wannan mutum ne ya gani, shi ne ya faɗa. In aka ba wani kujerar, aka bar sunan yadda yake, an ba mutane kwafi ne a madadin na asali. BBC ta gane haka, ba ta ba kowa sunan Wasiƙa daga Amurka bayan Cooke ba.

Abin da yake wuyan masu karatu

An fi yin magana a kan hakkin masu karatu, ba a cika tambayar wajibinsu ba. Suna da shi kuwa.

Na fari shi ne godiya a kan kari. Yaba kyauta tukuici. Abin baƙin ciki shi ne, yawancin masu karatu masu aminci shiru ne da su. Mai ƙorafi shi ne yake ɗaukar alƙalami, wanda ya ji daɗi kuwa sai ya ninke jarida ya tafi harkarsa. Sai ranar da aka ce an daina, sa'an nan wasiƙun yabo su yi ta zuwa, wani lokaci ma bayan mai su ya riga ya kwanta dama. Schulz ya sami wata biyu tsakanin sanarwarsa da rasuwarsa, ya ga irin ƙaunar da ake yi masa. Cooke ya sami kwana 28. Da yawa ba sa samun ko ɗaya. Wanda yake amfana da aikin wani yau, yau ce ranar faɗa masa.

Na biyu shi ne saki. Roƙon marubuci ya ci gaba yana iya zama alamar ƙauna, ba laifi kuma a faɗa masa sau ɗaya cewa za a yi kewarsa. Amma in roƙo ya zama naci, naci ya zama zargi, to, mai karatu ya nuna cewa aikin yake so, bai damu da mai aikin ba. A bayan kowace wasiƙa akwai mutum mai iyali, mai gajiya, mai sauran abubuwan da yake so ya yi kafin kwanansa ya ƙare. Wanda ya ce ya san shi shekara talatin, ya kamata ya fi kowa jin tausayinsa.

Na uku shi ne kiyaye abin da aka bari. A nan masu sauraron Cooke suka yi abin da ya fi kowane yabo. A shekarun baya BBC ba ta ajiye yawancin faifan shirin ba, har aka ɗauka wasiƙu masu yawa sun ɓace ke nan. Ashe akwai mutum biyu a Ingila, kowa a garinsa, waɗanda suka riƙa ɗaukar shirin da na'urarsu a gida a shekarun 1970, suka adana faifan shekara da shekaru. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. A 2014 BBC ta sanar cewa ta wurin waɗannan mutum biyu an sami wasiƙu fiye da 600 da suka ɓace, aka gyara su, aka mayar wa jama'a. Gidan da ya watsa aikin ya yar da shi, masu sauraro suka tsince shi. Shekara goma bayan rasuwar tsohon, su ne suka ba shi muryarsa.

Kiyayewa kuma ba ta tsaya ga faifai da takarda ba. Wanda ya yi shekaru yana sauraron mutum mai auna magana, ya kamata a ga alamar haka a tasa maganar. In marubuci ya koya wa mai karatu ya duba abu da kyau, ya ji ta bakin kowane gefe, ya faɗi gaskiya ba da zagi ba, to, ranar da marubucin ya yi shiru ita ce ranar da za a gane ko an koya.

Kammalawa

Amsar tambayar ke nan. Mutumin da ya daɗe yana rubuta wa jama'a yana da iko ya daina, ko don tsufa, ko don ciwo, ko don ya ga ya faɗi abin da yake da shi. Ba ya bin kowa, ba kuma wanda yake binsa. Abin da amana take nema a gare shi shi ne ya yi sallama, ya faɗi gaskiya, kada ya bari a sayar da sunansa a kan kayan da ba nasa ba. Abin da take nema ga masu karatu shi ne su gode tun yana ji, su sake shi da alheri, su riƙe abin da ya bari.

Wannan bai tsaya ga marubuta kaɗai ba. A kowane gari akwai wanda ya daɗe yana yi wa mutane hidima har suka daina ganinsa: malamin makaranta da ya koyar da uwa da 'yarta, ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, tsohon da ake kai wa kowace rigima ya sasanta. Wata rana kowannensu zai ce ya gaji. Jama'ar da ta iya amsa masa da godiya, ba da gunaguni ba, ita ce za ta sami wani ya yarda ya ɗauki kayan bayansa, gama masu tasowa suna kallon yadda aka sallami na gabansu.